Mashayar da Aka Gina wa Ƙanwata a Sama

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da ƙanwata, ko koko ba mu tsaya sha ba. Ku masu bibiyata kun saba in na yi tafiya in dawo muku da labarin kasuwa da hoton abinci. Wannan karon faɗa na je yi garinmu, kuma har yanzu da nake rubutun nan raina bai gama sauka ba.

Bari in fara da abin da ya tashe mu. Ƙanwata ita ce autarmu, ita ce kuma Allah Ya ba kan karatu a gidan. Ta gama digiri na biyu a kimiyyar sararin samaniya, wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin yin na uku kyauta, ana jiran amsarta kafin ƙarshen wata. Ranar da ta kare aikinta a gaban malamai, don murna ta ɗauki hoton bangon littafin ta tura guruf ɗin danginmu na waya. Sunan aikin da Turanci yake. Ma'anarsa ita ce yadda hanyoyin da taurari ke bi suke haifar da wata siffa mai kama da sanda a tsakiyar manyan gungun taurari. Sai dai kalmar da Turawa ke kiran sandar nan da ita, wato bar, da ita suke kiran gidan giya.

Muna da wani ɗan baffa, Sabitu, mai shagon cajin waya a garinmu. Shi ke karanta wa mutane takardar asibiti da saƙon banki, saboda haka ya ɗauki kansa Baturen garin. Ya kwafi sunan aikin ya zuba a manhajar fassara, abin da ta bari kuma ya cike da nasa ilimin. Taurari a wajensa su ne 'yan fim da mawaƙa. Kalmar ƙarshe mai nufin gungun taurari ya ce sunan wani otal ne. Sai ya yi saƙon murya, har da gyaran murya da salati a farko, yana sanar da dangi cewa 'yar Malam ta shekara biyu tana bin taurarin fim mashaya-mashaya tana rubuta yawonsu, yanzu ma Turai za ta tafi ta ƙaro. Kafin mu ankara saƙon ya fita daga guruf ya shiga gari. Baba bai kira ta ba, ni ya kira. Ya ce ba inda za ta je sai ta zo ta faɗa masa da bakinta, ya kashe waya.

A tasha ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota, na zaci na mu biyu yake nufi, ashe na mutum ɗaya ne. Da na yi magana ya nuna min gidan mai da ke tsallaken titi ya ce can zan kai ƙara. Aka jera mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun takin wani bawan Allah a kan ƙafata. Na gyara zama na haƙura, don na riga na ware faɗan ranar na ajiye wa mai shi.

Mun wuce Dawanau gari na wayewa, manyan motoci sun yi layi, ƙamshin citta da riɗi na shigowa ta taga. Daga nan gonaki suka fara. An yi ruwa mai kyau cikin dare, ƙasa ta yi jawur, gero ya fito kamar tsawon yatsa, inda ba a shuka ba kuma ana ta huɗa. Wanda bai san yankinmu ba zai yi mamakin yadda babu daji ko kaɗan. Ba ka gama wuce katangar wani gari sai ka hango hasumiyar masallacin na gaba, tsakaninsu gonaki ne sirara dogaye, gado ya yi ta yanka su har wata faɗinta bai fi ɗaki biyu ba. A mararrabar Dawakin Tofa ƙanwata ta ɗago kai ta kalli hanyar makarantar kimiyya, sannan ta koma ta jingina.

Na juya gare ta na ce ta ɗauka ni ce Baba, ta yi min bayanin yadda za ta yi masa. Ta fara tiryan-tiryan, amma kafin ta kai jimla ta uku Turanci ya cinye Hausar. Na ce ta sake. Ta sake, ya kuma cinyewa. Wata dattijuwa da ke gefenmu da kwandon kaji ta leƙo ta tambaya ko 'yar nan likita ce. Na ce a'a, taurari take karanta. Sai matar ta gyara zama ta miƙo tafin hannunta, ta ce a duba mata ko ɗanta da ke Legas zai aiko kafin Sallah. Motar ta kwashe da dariya, ni ma sai da na dara, amma ƙanwata idonta ya ciko. Ta ce min a hankali, kin gani, ko ba mashaya ba, bokanci ne. Nan dariyata ta tsaya.

A Bichi direba ya tsaya shan mai, masu talla suka rufe mu. Lokacin ƙwan zabi ne, na saya mana dafaffe da awara mai zafi, yajin ya ji tafarnuwa yadda nake so. Awarar dai ta ƙanƙance, abin da ake ba ka yanzu da can ɗanɗano ne ake ba mai saye. Na tilasta mata ta ci, don ban ga amfanin zuwa gaban Baba da yunwa ba. Titin daga nan wani wurin sumul, wani wurin kuma sai direba ya sauka gefe ya bi ta bakin gonar mutane, masu gonar na ɗaga masa fartanya.

Mun sauka Tsanyawa da hantsi muka hau acaɓa, don mota ba ta shiga garinmu da damina. Hanyar duk caɓi, sau biyu muna sauka mu taka. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya yi ta waiwaye, can ya ce ai ya gane mu, mu ne 'ya'yan Malam na bakin rijiya. Na ce mu ne. Sai ya ce, cikin fara'a, ba da nufin komai ba, "Hajiya, wacce ce mai fim ɗin a cikinku?"

Na ce ya tsaya. Na sauka a tsakiyar taɓo na ƙarasa da ƙafa, takalmina a hannu. Da na zauna a bayansa minti ɗaya gaba, da yanzu wani labarin kuke karantawa.

Inna muka tarar a tsakar gida tana tsintar wake. Ta rungume autarta ta yi kuka mara sauti. Ta ce Baba ya kusa wata bai zauna majalisar gindin tsamiya ba, wurin da yake zama tun kafin a haife ni. Daga masallaci sai gona, daga gona sai ɗaki. Kafin mu sha ruwa mata sun fara shigowa gaisuwa, har waɗanda rabon su da gidanmu tun bikina. Bakinsu na sannu da zuwa, idonsu na kan hijabin ƙanwata da farcenta, suna neman abin da za su tafi da shi. Na ja hannunta muka fita gona.

Gonar Baba irin sirarin nan ce, doguwa har bakin kwari. Ya ɗauko mai shanu yana masa huɗa, shi kuma yana tsaye a inuwar ɗorawa da sandarsa. Ya rame. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa yana kallon shanun. Sannan ya ce, "Auta, ina jin ki."

Na tuna yadda gwajin cikin mota ya ƙare. Ta tsaya tana kallon mai huɗa ya tafi can ƙarshen gona, ya juya shanun a ɗan ƙaramin wuri, ya dawo ta kusa da inda ya bi. Sai ta fara magana, da Hausa tsantsa, ban san inda ta samo ta ba.

Ta ce taurarin da take nufi su ne na sama, waɗanda yake gani in ya fito alwalar asuba. Ba a warwatse suke ba, gungu-gungu Allah Ya yi su, kowane gungu shimfiɗe kamar faifai, ranarmu ma tauraro ce a cikin ɗaya. Kowane tauraro tafiya yake yana kewaya tsakiyar faifan. Na gefe kewayensu kusan da'ira ne. Amma da yawa daga na ciki ba sa yin da'ira, irin tafiyar shanun nan suke yi a gona siririya: su miƙe da nisa, su juya a takure, su dawo. Ta ce idan irin waɗannan hanyoyi dogaye suka dace suka fuskanci gefe ɗaya, nauyin taurarin sai ya taru a wannan layi, nauyin kuma ya riƙa jawo na kusa, yana lanƙwasa tasu hanyar har su ma su shigo sahu. Daga nesa sai a hango abu miƙaƙƙe mai haske ya ratsa tsakiyar faifan, alhali ba abin da ke manne da wani, kowa gudunsa yake. Kuma duk layin gaba ɗaya yana juyawa a hankali a kan tsakiyarsa. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta bi hanyoyin taurari masu ɗimbin yawa, ta gano waɗanne ne ke riƙe da siffar, waɗanne ne kuma ke gitta mata, don idan masu gittawa suka yi yawa, ko tsakiyar ta yi nauyi ainun, sai siffar ta raunana har ta watse. Ta ce gungun da muke ciki ma yana da ita.

Baba ya tambaya ko kauri ɗaya abin yake daga farko har ƙarshe. Ta buɗe waya ta nuna masa hoto. Ya nisanta shi da idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai taɓarya ce aka kwantar a kan faifai. Ya tambaya ina giyar ta shigo. Ta gaya masa kalma ɗaya ce Turawa suka ba abu biyu. Ya girgiza kai, ya ce su ma da ƙarancin suna.

Na zaci shi ke nan. Amma sai ya ce shi dama zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba, ya san abin da ya haifa. Abin da ya hana shi barci shi ne duk wanda ya tare shi da maganar, ba shi da amsar da zai ba shi. In ya ce ƙarya ne, sai a ce to mene ne gaskiyar, sai ya tsaya yana kallon mutum. Ya ce shekara nawa tana karatun nan, bai taɓa iya faɗa wa kowa abin da take karantawa ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce ta tafi ko kar ta tafi ba. Ya ce mu je gida, zai zo.

Ni ban je gida ba, gidan Baffa na nufa. Na samu Sabitu a zaure yana cin ɗanwake, Baffa na kan buzu. Na gaida Baffa yadda ya kamata, sannan na juya kan ɗansa. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba, wani bai dace da shafin nan ba. Na tambaye shi, lambar ƙanwata ba ta cikin wayarsa ne, da zai tambayi manhaja bai tambaye ta ba? Ya ce shi isarwa kawai ya yi, waya ce ta fassara. Na ce wayar ce ta yi salati ta ce an shekara biyu ana bin 'yan fim? Sai borin kunya ya tashi, ya ce Turanci faɗi gare shi, kowa da yadda ya fahimta, kuma ita ma da ta rubuta abin da mutane za su gane da ba a kai nan ba. Na ce ya ɗauki wayar nan yanzu ya yi sabon saƙo ya ce ƙarya ya yi. Ya ce zai duba.

Abin da ya fi ƙona min rai ma Baffa ne. Ya ce in yi haƙuri, a bar maganar saboda zumunci, yaro ne bai sani ba. Yaron da ke da mata da 'ya'ya uku. Kullum haka muke, wanda aka shafa wa kashin kaji shi ake ba haƙuri, wanda ya shafa kuma a ce ya ƙarasa cin abincinsa. Na tashi na fita, ɗanwaken da aka zubo min ko kallonsa ban yi ba, ga shi kuwa ya ji mai da ƙwai.

Bayan la'asar muna zaune da Inna, sai Baba ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a da hula, ya ɗauki sanda. Inna ta bi shi da ido. Majalisar tsamiya tana daura da zaurenmu, saboda haka ni da ƙanwata muka laɓe a bayan ƙyaure muna leƙe.

Dattawa sun kai goma a kan tabarmi, samari na tsaye gefe. Aka yi masa maraba, har da masu cewa kwana biyu. Bai zauna ba. Ya share ƙasa da ƙafarsa, ya zana faifai da bakin sanda, ya ja layi a tsakiya. Ya fara bayani. Ya faɗi shanun huɗa daidai, ya faɗi juyawa a takure. Daga nan abin ya kwance masa. Ya ce rana ce ke jan taɓaryar, ya dawo ya ce a'a, taɓaryar ce ke jan rana. Ya tsaya, ya goge layin, ya sake ja. Wani saurayi ya tambaya, in taɓarya na sama, turmin yana ina, aka yi dariya. Baba ya jira dariyar ta lafa ya ci gaba, har ya kai ƙarshe, ya ce wannan shi ne karatun 'yarsa, babu giya babu fim. Mutum biyu ko uku suka gyaɗa kai da gaske, ɗaya ma ya matso yana kallon zanen. Sai wani dattijo daga can ƙarshen tabarma ya ce, "To, Allah Ya kyauta."

Kun san ba a faɗin wannan a kan abin alheri. Na yunƙura zan fita, ƙanwata ta riƙe min mayafi da hannu biyu, tana kuka. Tsoho mai furfura ya sa rigar Juma'a ya tsaya gaban sa'anninsa yana zane a ƙasa kamar ɗan firamare, ana masa dariya, saboda wani ya ga dama ya yi minti biyu yana magana a waya. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Amma Baba bai taso ba. Ya naɗe rigarsa ya zauna a wurinsa na da, zanen na gabansa, ya ci gaba da hira da su har rana ta yi sanyi.

Da ya shigo, ya tsaya a tsakar gida ya kira ta. Ta durƙusa.

"Ki amsa musu, ki tafi, Allah Ya yi miki albarka," in ji shi. "Abu ɗaya nake roƙo. In kin rubuta na gaba, ki sa min ko shafi ɗaya da Hausa, yadda ba zan ruɗe ba in an tambaye ni. Yau na ruɗe a wajen rana."

Ta gyaɗa kai. Inna ta shiga ɗaki ta ƙullo mana kuka da daddawa da ƙwan zabi, ta ce mu yi sauri kar mu rasa mota.

Mun samu motar ƙarshe a Tsanyawa, wannan karon da awaki biyu a but ɗin motar suna ta kuka har Bichi. Hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Ƙanwata ta tura wa jami'ar amsarta tun muna hanya, sannan ta buɗe wani shafi a waya ta fara rubutu, tana yi tana gogewa. Ta tambaye ni yadda za ta ce nauyin da ke jan abu ba tare da igiya ba, na ce ni ma ban sani ba. Muka tambayi na kujerar gaba, malamin makaranta ne, ya ba mu kalmar Turanci. Muka shigo Kano ana kiran isha'i, ba mu samo ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Muna tura yara karatu mai zurfi, muna alfahari da su, amma abin da suka karanto ba shi da suna a bakin iyayensu, sai duk wanda ya riga buɗe baki ya raɗa masa wanda ya ga dama. Na ji haushin Sabitu, na ji haushin Baffa, na ji na duk wanda ya tura saƙon nan gaba bai tambaya ba, kuma in kana cikinsu kana karanta wannan, da kai nake. Ƙanwata za ta tafi, alhamdu lillahi. Baba kuwa yana can, gobe ma zai zauna a gindin tsamiya da mutanen da rabinsu ba su yarda da shi ba. Na duba guruf ɗin dangi kafin in fara rubutun nan. Saƙon Sabitu yana nan, bai goge ba.